Lamba Huɗu a Kan Ƙafar Ƙanena

Tun ranar da na sauke jakata a zauren nan ban sha ruwa a natse ba. Wannan ta shigo, "Iya, yaya Yawunde?" Waccan ta shigo, "Iya, da gaske ne an yanke wa ƙanenki ƙafa?" Wata ma ta'aziyya ta zo yi mini, ta mutumin da ke raye. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowace ta ɗauki nata gutsuren ta kai bakin rijiya ta ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya. Ni ban yi boko ba. Hadiza 'yata ce riƙe da biro, na kuma gaya mata abin da na faɗa shi za ta sa, har wanda bai yi mini daɗi ba.

Mu biyu muka rage a 'ya'yan mahaifinmu, ni da autanmu Ɗanjuma. Ni na goye shi. Yana saurayi ya bi shanu kudu, ya ƙare a Yawunde, a unguwar Hausawa da ake kira Birikiteri, su can Birik kawai suke cewa. Can ya yi fawa, can ya yi aure, can ya binne matarsa. Ciwon suga ya daɗe yana cinsa a hankali. Rannan sai ga wayar ɗansa, wanda nake kira Abba saboda sunan mahaifinmu aka sa masa. Tela ne, magidanci da iyalinsa.

Ya ce, "Goggo, Baba ya daina fita kasuwa. Gyambo ne a ƙafarsa, ya sa safa ya rufe, ya hana kowa gani."

Na ce, "Matarka fa?"

"Goggo, Rabi ce za ta buɗe ƙafar surukinta?"

Gaskiyarsa. Na ce ya ajiye wayar, ina zuwa.

Kun san zamanin da muke ciki. Tun da masu bindigar nan suka shiga daji, mutum ya daina yarda da wanda ke zaune kusa da shi a mota. Daga Jimeta zuwa Gurin sau nawa aka sauke mu ban riƙe ba. A sauka, a ɗaga hannu, a taka a ƙasa a wuce shingen, a sake hawa. Ba mai yi wa wani magana. Wani dattijo ya yi tari, mota duka ta juya ta dube shi.

Muka kai bakin Faro da hantsi. Mai kwale-kwale ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce mu shiga. Muka haye. A can ƙetaren jandarmomi ne ƙarƙashin rumfar zana, suka ce kowa ya zazzage kayansa a kan tebur. Na zazzage. Zannuwa biyu, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, sai mudu guda na lalle da na daka da hannuna, da ɗan ƙullin gishirin lalle, farin nan da muke bin ƙunshi da shi don ya yi baƙi. Wani jandarma dogo, mai tabo a haɓa, ya kwance ƙullin, ya shinshina, ya ja da baya. Ya yi wata magana da Faransanci, sai na ga mutanen da muka hayo ruwa tare suna darewa daga gefena, har dattijon mai tari. Aka bar ni ni kaɗai da teburin.

Wata mata ce ta tsaya. Bafulatana ce mai jiki, 'yar kasuwa, sunanta Hajiya Dudu. Ta ce mini da Fillanci, "Cewa yake irin garin da ake haɗa bam ne."

Na ce, "Ki gaya masa lalle ne. Uwarsa ba ta ƙunshi?"

"Wannan ba zan fassara ba," in ji ta.

Ta tuɓe takalminta ta nuna masa tafin ƙafarta. Ni ma na buɗe masa tafin hannuwana, baƙi ƙirin da ƙunshin da na yi na tafiya. Bai gamsu ba. Sai da suka sa na kwaɓa kaɗan da ruwan buta na shafa a bayan hannuna, muka zauna a rana ana jira a gani ko zan kama da wuta. Da ban kama ba, ya ce in zubar da farin in tafi da koren. Na ce ko dai in tafi da duka ko in kwana a nan. Ya gaji, ya yi dariya, ya kore ni da hannu. Na ɗaure kayana ina jin na ci nasara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita Hajiya Dudu ban yarda da ita ba. Mutumin da bai san ka ba ya tsaya maka a gaban bindiga, me yake nema? Da muka isa Garwa ta ce in zo mu sauka gidan 'yar'uwarta. Na bi ta don ba ni da wani wurin, amma jakata na yi matashi da ita. Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na yankan dasashi. Na jira ta fara ci kafin na ci. Ta lura, sai ta riƙa gutsurar nawa tana kai wa bakinta tukuna ta miƙo mini.

Muka tafi, muka tafi, mota ta hau dutse tana nishi har Ngaundere, garin sanyi. Nan muka shiga jirgin ƙasa bayan an lalube mu har cikin ɗankwali. Gari ya waye mana a wata ƙasa daban, itatuwa sun haɗe kai ba ka ganin ƙarshen sama. Duk tashar da jirgi ya tsaya, mata na gudu a gefen taga da tire a ka, suna ihun zuma da ayaba. Dudu ta sayi wani abu dogo a naɗe cikin ganye, an ɗaɗɗaure shi da zare kamar laya. Bobolo sunansa. Rogo ne da aka jiƙa har ya yi tsami. Na shinshina na ce wannan ya lalace. Ta ce haka yake. Yunwa ta sa na ci, kuma ban mutu ba, amma kada wata ta ce na yabe shi.

A nan ta tambaye ni abin da zai kai ni Yawunde. Na gaya mata. Ta daina tauna.

Ta ce, "In kin kai shi asibiti lamba za su ba ƙafar. Mijin ƙanwata an ba shi biyar, da sanda ya dawo gida."

"Wa ke ba da lambar?"

"Su masu yankan."

Na ce, "Wanda zai yi yanka shi ne kuma mai faɗin ko a yanka?"

Ta ɗaga kafaɗa. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar bobolon.

Abba ya tarbe ni a tasha, muka rabu da Dudu, ba ta ɗauki ko allurata ba. Taksin garin nan sai ka tsaya a bakin hanya ka faɗi sunan inda za ka da ƙarfi. In direba ya yi ham, ka shiga ka zauna kan cinyar wanda ka tarar. In ya wuce bai tanka ba, ka faɗa wa na bayansa. Abba ya yi ta kiran "Birik, Birik" har wani ya yi ham.

Hayaƙin tsire ne ya fara gaya mini mun iso, su soya suke ce masa. Ga kekunan ɗinki jere suna ƙara, ga kiran sallar azahar, ga jar laka a lungu don ruwan sama ba ya neman izini a can. Hausarsu Hausa ce, amma da an zo lissafi ko maganar ofis sai bakinsu ya karkata Faransanci. Na yi zaton na zo cikin 'yan'uwa. Ashe ni ce abin tsoro. Matan gidan haya suka amsa gaisuwata da rabin baki, na ji wata na cewa, "Daga Najeriya take." Kafin in yi alwala sai da Abba ya kai takardata wurin mai unguwa, don an sha shigowa bincike ana tambayar wa ya sauki baƙo.

Na tarar da Ɗanjuma a ɗakinsa a kan tabarma, ya rame, gemu ya yi fari fat, ƙafar dama cikin safa.

"Yaya, wa ya ce ki zo?"

"Wanda ya fi ka hankali. Cire safar."

"Ba komai ba ne."

"Na wanke maka abin da ya fi ƙafa. Cire."

Na rufe ƙofa, ya cire. Rami ne a ƙarƙashin babban yatsa, faɗinsa kamar ɓarin goro, bakinsa ya yi kanta fari, yana ɗan tsatsafo da ruwa. Ya ce tsinin ƙashi ya taka a mayanka, ya huda silifa ya shige, bai ji ba sai da ya ga jini wurin alwala. Na danna gefen, ko motsi bai yi ba. Ciwon ba ya masa zafi. Abin da ke damunsa raɗaɗi ne a tafin ƙafa, kamar yana tsaye a kan garwashi.

To mu a gida me muke yi wa zafin ƙafa? Na kwance mudun lallena.

Ya ce, "Yaya, ni mahauci ne. Shekara arba'in ina riƙe da wuƙa a kasuwar nan. In Garba ya ji an ƙunsa mini lalle kamar amarya, ina zan sa kaina?"

Garba mai tsire amininsa ne tun suna samari, kuma bakinsa ya fi yajinsa zafi.

Na ce, "Ba wanda zai ji."

"Rantse."

Na rantse da Allah ba zan gaya wa kowa ba. Kwana huɗu, da Abba ya fita shago sai in kwaɓa, in lulluɓe yatsun da gaban ƙafar da tafin, har bakin ramin, in ɗaure da leda, in kwance da la'asar. A rana ta huɗu na bi shi da gishirin lalle. Ba don magani ba, hannuna ne ya saba, ban taɓa yin ƙunshi na bar shi ja ba. Ƙafa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce raɗaɗin ya ragu. Sai dai ta kumbura, kuma wari ya fara fitowa ta cikin safa, har Abba ya ji daga tsakar gida. Ran Litinin ya kawo taksi bakin lungu ya ce ko Baba ya shiga da kansa ko a ɗauke shi.

Asibitin ba zan faɗi sunansa ba. An ɗauke wuta, mutane har kan matakala, likita ɗaya ne, saurayi, idanunsa jajur, an ce tun jiya yake tsaye. Da layi ya zo kanmu ya ja safar da bakin almakashi. Wari ya tashi. Abba ya dubi ƙafar sau ɗaya ya juya fuskarsa ga bango. Likitan ya haska da fitilar waya, ya girgiza kai, ya yi rubutu a karne, wato ɗan littafin da kowane majinyaci ke yawo da shi a can.

Ya ce, "Katar."

Abba ya ce da ƙyar, "Huɗu, Goggo. Ya ce mu dawo ran Alhamis babban likita zai gani. Ya ce mu shirya, wataƙila daga idon sawu ne."

Likitan ko taɓa ƙafar bai yi ba. Na ce a raina, ga maganar Dudu ta fito.

Da la'asar aka taru a zaure. Garba ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya shiga wurin nan da lamba huɗu ya fito da takalma biyu ba. Ya ce akwai wani mai magani a bayan Ngaundere da ke warkar da gyambon suga da sassaƙe, a sa Ɗanjuma a jirgin Laraba. Abba ya ce tafiyar kwana biyu da ƙafa mai wari haɗari ce. Na daka masa tsawa. Ni na fi kowa ɗaga murya a zauren nan, na ce ba za a yanka ɗan'uwana a kan lambar da aka rubuta da fitilar waya ba. Aka tsaya a kan Laraba.

Amma ni ba na son barin gari ban kama ɓarawo da hannuna ba. Ina so in ga yadda ake ba da lambar nan, ko wani na miƙa wani abu a ƙarƙashin tebur a rage masa. Ran Talata na ce wa Rabi ta raka ni a gwada mini suga. Da muka isa na bar ta a layi, na je na zauna a benci daura da ɗakin da ake wanke gyambo, inda ƙofa ke buɗe. Na zauna, na zauna, ina kallo. Wata nas ce ke aikin, babbar mace mai furfura a gaban goshi, kowa Madam yake ce mata. Ban ga an miƙa mata komai ba, sai na ce wataƙila ta san ina kallo.

Wajen azahar ta fito tana goge hannu, ta tsaya a kaina. Da Hausar kasuwa ta yi magana, ashe a Garwa ta girma.

"Mama, tun safe kina kallona kamar na saci akuyarki."

Na ce, "Ina neman inda ake sayar da lamba ne."

Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta ce in taso. Ta nemi izinin mutanen da ke kwance, ta bi da ni gado gado.

"Wannan ɗaya ce. Fata ce kawai ta buɗe. In ya daina taka ta, muna wankewa, ya riƙe sugansa, yawanci tana rufewa." Ta matsa gaba. "Wannan biyu. Ya nutsa har jijiya, amma bai kai ƙashi ba. Zai daɗe, amma ina sa rai." A gado na uku ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai dunƙulallen kai ta nuna mini. "Wannan nake sakawa a ramin. In ya taɓa ƙashi, ko na tarar da mugunya ta yi ɗaki a ciki, uku ke nan. Uku sai wuƙa ta shiga ta share, sai kwanciya, sai allurai. Wani ya bar yatsa a nan, amma ya tafi da ƙafarsa."

"Huɗu fa?"

"Huɗu wani sashe ya riga ya mutu. Abin da ya mutu ba ya dawowa, sai a cire shi kafin ya ja na kusa da shi. Biyar, ƙafar duka."

Na ce, "To wa ya ba ku ikon yanke wa ƙafa hukunci?"

"Ba mu ke ba ta lamba ba, Mama, ita ke gaya mana inda ta kai. Mu dai mun ga ƙafafu da yawa, mun san wadda ta kai nan ina ta saba zuwa. Kuma ba ta tsayawa jiran mutum. Biyun yau, in aka yi wasa, ukun jibi ce."

"Da me ake gane wadda ta mutu?"

"Ta yi baƙi. In kin taɓa, sanyi kamar ƙarfen nan. Ki nemi bugun jini ki rasa."

Da safen nan ƙafar Ɗanjuma na kan cinyata ina canja masa tsumma, kuma da ɗuminta, har ta fi ɗayar zafi. Na dubi tafin hannuwana. Baƙinsu da baƙin ƙafarsa kwano ɗaya suka fito. Madam ta bi idona da kallo, ta dubi hannuwan, ta dube ni.

Ta ce, "Mama, akwai abin da za ki gaya mini?"

Na ce babu. Rantsuwa ce a bakina.

Na koma gida na rufe ƙofa na gaya wa Ɗanjuma duk abin da na gani. Na ce baƙin lallena likitan ya gani ya rubuta huɗu. Na ce ƙafarsa na da rai, amma ramin nan ya yi nisa, kuma jirgin Laraba ba zai kai shi ko'ina ba sai kabari ko sanda. Na ce ya sake ni daga rantsuwar.

Ya ce, "Jiya ke ce mai cewa kada a yarda da su."

"Jiya ban san ni ce ba."

"Gobe zan tafi. A can ba wanda ya san ni, ko me mai maganin ya gani ya gani."

"Ɗanjuma, kunya za ka saya da ƙafarka?"

Ya juya mini baya.

Laraba da hantsi taksi ta tsaya a bakin lungu. An ɗaure tabarma da buta. Garba ya zo da mahauta uku rakiya, sun cika zaure, Abba na riƙe da sandar mahaifinsa. Aka fito da Ɗanjuma yana dogara kafaɗar Garba. Na tsaya a bakin ƙofar zauren, na tare ta da jikina. Ban taɓa tare wa maza hanya haka ba tun da aka haife ni.

Na ce, "Ƙafar nan ba ta mutu ba. Lalle ne. Ni na ƙunsa masa, kwana huɗu, na bi da gishiri. Ya sa ni rantsuwa, ga shi na karya, tsakanina da Ubangijina ne. Asibiti za a kai shi."

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Garba ya dubi safar, ya dubi amininsa, leɓensa na rawa, ya danne, ya danne, ya kasa. Ya ce, "Ɗanjuma, aka yi kamu ba a gayyace mu ba?" Sauran suka fashe. Abba kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Goggo, a kan buɗaɗɗen ciwo? Cikin leda?" Wannan ta fi mini dariyar ciwo.

Garban nan dai, yana share hawayen dariya, shi ya ɗauki Ɗanjuma cak ya sa a mota, ya ce wa direba asibiti, ba tasha ba.

Madam ta gan mu tun daga nesa. Na gaya mata maganar lallen duka, ta je ta kira babban likita, ba a jira Alhamis ba. Dattijo ne mai sanƙo. Ya sa safar hannu ya ɗauki ƙafar kamar mai duba ƙwai. Ya ɗora yatsu biyu a bayanta, ya jira. Ya ɗora a bayan idon sawu, ya jira. Ya kankare baƙin kaɗan da reza, sai ga jan nama mai rai a ƙasa. Ya yi wa saurayin likitan magana a hankali, shi kuma ya zo ya taɓa da hannunsa, ya daɗe bai ɗago kai ba. Sannan Madam ta miƙa siririn ƙarfen. Ya shiga ramin, ya shiga, ya shiga fiye da yadda na zata. Sai muka ji ƙas.

Kafin likita ya buɗe baki Ɗanjuma ya ce, "Ƙashi ne." Mahauci ya san wannan ƙarar.

Likita ya ja layi a kan huɗun, ya rubuta wata a gefe. "Turwa."

Uku. Na fara hamdala, sai Madam ta ce likita bai gama ba, da ni yake. Ya tambayi yadda ramin yake ranar da na iso. Na kwatanta masa, faɗin ɓarin goro, ba wari, ba kumburi. Ya ce ba zai iya rantsewa ba tunda bai gani ba, amma mai yiwuwa biyu ce a lokacin. Ya ce damshi da leda na kwana huɗu abinci ne ga ciwo irin wannan. Madam ta fassara mini duka, ba ta rage ko kalma ɗaya don tausayi ba. Na gode mata a kan haka.

Washegari aka cire babban yatsan. Ya kwanta makonni, ana wankewa, ana allura, an hana shi taka ta ko zuwa bayi. An hana shi shayi mai suga da farin burodin nan nasu. Ni ke kwana a tabarma a gefen gadon. Kwana tara bai yi mini magana ba. In na miƙa ruwa ya karɓa, in na gaishe shi ya ɗaga kai. Garba kuwa kullum sai ya zo, daga bakin ƙofa yake sallama, "Ina amarya?" har majinyatan da ba su jin Hausa suka koyi kalmar.

A rana ta goma ina yanke masa farce sai ya ce, "Yaya, kin yi kaffarar?"

Na ce, "Tukuna."

"Mutum goma ne. Ki ce wa Garba ya ba da nama, Rabi ta dafa. Akwai waɗanda ba a kawo musu abinci a ɗakin nan."

Haka aka yi. Shi ke nan maganar da muka yi a kai, ba mu sake ba.

Na bar shi yana takawa da wani takalmi da aka yanka masa musamman, mai faɗin baki da laushin ciki. Bai koma mayanka ba, yana zama a rumfar Garba yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Kowace safiya Abba ne ke duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ya daina jin nauyin wannan. Ranar da zan taho Ɗanjuma ya tuɓe takalmin ya nuna mini. Fatar ta koma kalarta. Farata huɗu ne suka rage, kowanne rabinsa na sama baƙi, rabin da ya tsiro fari.

Na biyo hanyar da na bi, jirgi, sanyin Ngaundere, Garwa. Na nemi gidan 'yar'uwar Dudu na bar mata sauran daddawata, na ce a gaya wa Dudu na ci burodin ban jira kowa ba. A bakin Faro sai ga jandarman nan mai tabo a haɓa. Ya zazzage jakata, zannuwa biyu ne kawai da carbi. Ya gane ni. Ya yi murmushi ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mama, ina bam naki?"

Na ce, "Ya tashi, ɗana. Yatsa ɗaya ya ci."

Bai gane ba, ya ɗaga mini hannu na wuce.

Iyakar labarin ke nan, na sauke shi a gabanku kamar yadda na sauke jakata a teburin jandarma. Wadda ta zo mini ta'aziyya ta mayar da ita gida ta adana. Ɗanjuma na nan da ransa a Birik, da ƙafafunsa biyu, da yatsu tara.